Ƙarya Ɗaya Cikin Uku

Litinin, saura mako goma

Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau, sai bayana da yake ɗan damuna saboda ɗaga tsofaffi a wurin aiki. Gaisuwar ke nan, kada ki jira ƙari.

Tunda kin kashe min waya ina tsakiyar magana, kika turo cewa in ina da abin faɗa in rubuta, to ga shi na rubuta. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki karanta da kyau, Malama.

Matar Kawu ta turo min bidiyo. Sau huɗu na kalla don in tabbatar ba idona ne yake min gizo ba. Innata, mace mai shekara sittin da huɗu, a tsaye a gaban allo, an ɗora mata hular kwali a kan ɗankwali, wai ita ce mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Wani ƙato mai gemu ya jefa mata ƙwallo, ta cafe, aji ya kaure da tafi. Ke kuma kina gefe kina dariya har da riƙe ciki. Dangi kaf sun gani. Ba ki ji kunya ba? Ni na ji, a nan inda nake, har kunnena ya yi zafi.

Na kai ta ajinki ne don ke tamu ce. Babanki da Inna kakansu ɗaya, kuma a bayanta kika yi barci wata uku lokacin da mamanki take kwance a asibiti. Na ɗauka za ki riƙe ta kamar uwa. Ashe abin wasa kika samu.

Bari in tuna miki, ko wasa ya mantar da ke. Inna ba za ta samu takardar zuwa wurina ba sai ta zauna gaban jami'i ta amsa tambayoyi da bakinta, da yaren ƙasar nan. Sau biyu ta shiga, sau biyu ta fito ba ta ce uffan ba. Sau uku ake ba mutum. In ta faɗi wannan, sai bayan shekara biyu a sake saurarenta. Shekara biyu, da wannan gwiwar tata, tana hawa bene ita kaɗai da jakar cefane.

Na turo miki tambayoyi arba'in da suka saba yi, da amsoshinsu, ni na rubuta da hannuna. Abin da nake so a bayyane yake: ki zaunar da ita a kujera kamar dattijuwa, ta haddace su. Ƙwallon ki kai wa yaranki. Hular ki sa a shara. Bakin rijiya ba wurin wasa ba ne, kuma mako goma ba shekara goma ba ne.

Yayarki

*

Alhamis, saura mako tara

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna nan ƙalau. Ƙaramar ta yi tari ta warke, babansu yana gaishe ki. Bayanki kuma Allah ya sawwaƙe. Da na ba ki shawara, amma ke ce nas, ni 'yar wasan ƙwallo ce.

Na kashe waya ne don kin yi minti goma sha ɗaya kina faɗa ban samu wurin saka ko "to" ba. Ni aka sa wa suna Aku tun ina yarinya, amma ranar nan kin ƙwace min sunan.

Tambayoyinki arba'in, Gwaggo ta haddace su tun makon farko. Ko daga ƙarshe na fara za ta kawo su tas. Ta haddace su kafin ta shiga wurin jami'i karo na biyu, kuma kin san yadda aka kwashe. Saboda haka ba hadda ba ce matsalar. Ke kina can kina kallon bidiyon minti ɗaya, ni nake cikin ɗakin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ajina ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai hoto, kujera tara, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Akwai direba, shi ne ƙaton mai gemun da ya ɓata miki rai. Akwai tela, akwai mai gyaran firji, da 'yan mata biyu masu karatun jinya, da sauransu. Dokar ƙwallon ita ce: wanda aka jefa wa sai ya amsa tambaya kafin a ƙirga biyar, sannan ya jefa wa wani da tasa tambayar. Ba ka samun lokacin da za ka gina maganar a ranka da yarenka sannan ka juya ta. Dole bakin ya riga tsoro fita.

Ranar farko ƙwallon ya yi minti ashirin yana yawo bai je wurin Gwaggo ba. Wa zai jefi sa'ar uwarsa? Da na matsa, direba ya tashi, ya taka har gabanta, ya rusuna, ya miƙa mata da hannu biyu. Kafin ta buɗe baki, tela ta yi caraf ta amsa mata, wai kada Mama ta wahala. Haka aka yi mako biyu. Kowa yana girmama ta, ba wanda yake barinta ta yi magana. Ladabi ne yake shaƙe ta, Yaya.

Shi ya sa na yanka kwali na yi hula. Duk wanda ya sa ta, ba shi ba ne: ba Mama, ba direba, sai abin da aka rubuta a katin da na ba shi. Ana iya yi masa musu, ana iya katse shi, ana iya ce masa ban ji ba, sake faɗa. Ranar Talata na sa su wasan kasuwa, direba mai sayar da takalma, Gwaggo mai saye. Ya zuga mata farashi. Kin manta shekara talatin ta yi tana sayar da yadi? Ta ɗaga takalmin, ta juya shi, ta ce da yaren naku, wanda ita take kira yaren masu mura: "Wannan fata ce ko takarda? Kakanka ne ya mutu ya bar maka?" Minti huɗu cur tana wanke shi, ina kallon agogo. Kowace jimla da kuskure a ciki, amma ba ta tsaya ba, kuma kowa ya gane me take nufi. Direba har ya haɗa gumi. Dariyar da kika gani ina yi a bidiyo ma, irin wannan ce, ta murna.

Kuma ki taya ni murna: muna da wani wasa duk ranar Alhamis, a ajin nan kaf ba wanda ya kai Gwaggo iya shirga ƙarya. Sau biyar a jere ba a kama ta ba.

Hula tana nan, ƙwallo yana nan.

Ƙanwarki, Aku

*

Asabar, saura mako takwas

Malama,

Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan. Ina rubutun nan ne a ɗakin shan shayi na wurin aiki, hutun rana.

Uwata kika kira maƙaryaciya? Har da cewa in taya ki murna? Matar da ko ragin yadi ba ta taɓa ɓoye wa mai saye ba, ita kika mayar gwanar ƙarya a gaban direba da tela? Kin san abin da ake yi wa wanda ya yi ƙarya gaban jami'in nan? Rufe fayil ɗinsa ake yi har abada. Ni ina neman a koya mata amsa, ke kina koya mata zagin kakan mutane. Jami'in takalma zai sayar mata?

Kin ce ladabi ne yake shaƙe ta. To rashin ladabin naki sai ki riƙe abinki. Tun kina ƙarama haka kike, a ce ki share tsakar gida ki mayar da tsintsiya doki.

Ba ki san abin da nake gani ba. Tsofaffi goma sha ɗaya nake kula da su a gidan nan. Na san yadda ake farawa: gwiwa, sai bene, sai faɗuwa ɗaya a banɗaki, shi ke nan. Na ga matar da ta yi kwana biyu a ƙasa kafin a buɗe ƙofarta. Duk lokacin da na kira Inna ba ta ɗauka ba, wannan matar nake gani. Na kama gida mai ɗaki biyu a hawa na ƙasa don kada ta taka matattakala ko ɗaya. Na sayi gado mai laushi irin wanda ake ɗaga kansa. Na sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Akwai kujera a bakin taga, ta zauna ta huta, ta sha wahala ta isa. Wata bakwai ɗakin nan yana rufe, ina buɗewa ina gogewa ina rufewa.

Na gama magana da Kawu. Daga ranar Litinin Inna za ta koma wurin tsohon malamin nan na bayan kantin magani, wanda ya yi ritaya. Shi ba shi da ƙwallo. Yana da tebur da kujera biyu da takardata. Kada ki kira ta, kada ki je gidanta kina zuga ta. Na gode da abin da kika yi, in akwai abin godiyar.

Yayarki

*

Lahadi, saura mako biyar

Aku,

Lafiya? Mako uku ke nan ko layi ɗaya ban gani daga gare ki ba. Mai bakin da ba ya rufuwa yau ita ce ta yi gum. Ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon malamin ya kira Kawu. Ya ce sau biyu kacal Inna ta je wurinsa, ta karanta masa amsa arba'in ba gargada, ta ce masa tunda ya ji, sai an jima. Ya ce kullum da safe yana ganinta tana wucewa da jakarta, ta nufi shagon mai hoto. Wato ajinki ta koma, kuma kika buɗe mata ƙofa, kika yi min shiru. Na tambaye ta a waya, ta ce "gwiwa da sauƙi," ta shiga ba ni labarin shukokinta na baranda.

Me kike ɓoye min? Ta faɗi ne? Likita ya ce wani abu? In wani abu ya samu uwata kika rufe ni, wallahi ba ni ba ke har abada. Ki amsa min yau.

Yayarki

*

Laraba, saura mako huɗu

Yaya,

Gwaggo lafiyarta ƙalau, ba ta faɗi ba, likita bai ce komai ba. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fannin. Mu ma lafiya.

Ta dawo da ƙafarta. Na buɗe aji na same ta a kujerarta, ta riga kowa. Kina so in kore ta? Ki zo ki kore ta da kanki, in kin isa.

Na yi shiru ne don ina riƙe da maganar da ban san yadda zan faɗa miki ba. Sau uku na fara rubutawa ina yagawa. Amma tunda kin kai ga rantsuwa, ga ta, kuma ke kika nema.

Wasan ranar Alhamis da kika tayar da jijiyar wuya a kansa, ga yadda yake. Mutum zai sa hula ya faɗi abu uku game da kansa da yaren can. Biyu gaskiya, ɗaya ƙarya. Aji za su yi ta yi masa tambayoyi, yana kare kansa, sannan su zaɓi wadda suke ganin ita ce ƙaryar. In sun kama shi, sai ya faɗi gaskiyar da cikakkiyar jimla. In ba su kama shi ba, ya ci. Ana yi ne don mutum ya saba da tambayar da bai shirya mata ba. Iyakar ƙaryar ke nan, wadda kika kusa raba zumunci a kanta.

Ranar Alhamis ta farko da dawowarta, Gwaggo ta sa hula ta tsaya. Ta ce: "'Ya ɗaya gare ni. Ina tsoron mage. Ina so in koma wurin 'yata da zama."

Aji ya fashe da dariya. Direba ya ce matar da ta kusa cinye shi ɗanye a kan takalmi ba za ta ji tsoron mage ba. Duk suka zaɓi magen. Ta ce: "Kun faɗi." Sai tela ta ce: "Af, ashe 'ya'yan da yawa! Su nawa ne, Mama?" Gwaggo ta cire hular ta ajiye a tebur, ta ce lokaci ya yi.

Su ba su san gidanmu ba, Yaya. Ni na sani. Na san ke kaɗai ta haifa. Kuma ina wurin ranar da mage ta shigo shagonta ta haye kan teburin yanka yadi tana salati, kasuwa ta taru. Biyu gaskiya ne. Saura ɗaya.

Da aka watse na tsaya ina jera kujeru, ita tana ɗaure jakarta. Na ce: "Gwaggo, sau biyun nan da kika shiga wurin jami'i, kin gane tambayoyinsa?" Ta ce: "Tas." Na ce: "To me ya hana ki amsawa?" Ta ciro takardarki ta nuna min lamba ta goma sha bakwai, inda aka ce me ya sa kike son tafiya, ke kuma kika rubuta: don 'yata ta kula da ni. Ta ce: "Duk sanda na zauna gabansa, wannan layin nake hangowa yana tahowa, sai in rufe bakina tun daga sallama. Ni kaya ce da za a ɗauka a ajiye a bakin taga? Ina da ƙafata, ina da shukokina, ina da mutanen da nake gaisawa da su daga nan har kasuwa. Tana da tsofaffi goma sha ɗaya, ni ce za ta cike sha biyu da ni?" Na ce to ki gaya mata mana. Ta ce: "Yarinyar da ta sayi gado? Da wane bakin?"

Shekara biyu tana riƙe da maganar nan, da Hausa ta kasa fita. Sai da ta sa hular kwalin da kika ce in jefa a shara.

Kin yi ta min faɗa a kan mutuncinta. Ki duba takardarki tukuna. Amsa arba'in kika rubuta mata, kin taɓa yi mata tambaya ɗaya?

Aku

*

Juma'a, saura mako uku

Aku,

Ban san ko in gaishe ki ba. Kina lafiya dai.

Ƙarya kike yi. Ko kuma ba ta fahimci wasan ba, ta ɗauka duka ukun gaskiya ake faɗa. Ko ke kika cusa mata, don ki riƙe ta a ajinki ta riƙa ba ku dariya. Ke wace ce da za ki gaya min abin da ke ran uwata? Shekara tara ina wanke iyayen wasu, ina shafa musu mai, ina ba su abinci a baki, 'ya'yansu ko katin gaisuwa ba sa aikowa. Ni da nake son in ɗauko tawa in riƙe, ni ce mai laifi? Da na bar ta ta faɗi a bene, ku ne na farko da za ku ce ta samu ƙasar waje ta manta da uwa. Duk yadda na yi ban tsira ba. Kuma kika yi mako uku kina kallona ina dogaro da tsohon malami, kin san komai, kin yi shiru. Wannan ba zan manta ba.

Lahadi.

Na ajiye takardar nan kwana biyu ban turo ba. Ba zan goge abin da ke sama ba, don a lokacin haka nake ji, kuma rabinsa har yanzu ina ji.

Jiya da hantsi na shiga ɗakin da na tanadar wa Inna na zauna a bakin gadon, na kira ta. Ta fara labarin shukoki, na katse ta. Na ce mata da yaren nan: "Inna, mu yi wasan ranar Alhamis. Ni zan faɗa." Ban taɓa yi mata magana da yaren ba. Ta ce, ita ma da yaren: "Ina ji." Muryarta ce, amma kamar ta wata mata da ban sani ba, mai ƙarfin hali.

Na ce: "Na saya miki gado mai laushi. Bayana yana ciwo. Saboda gwiwarki nake so ki zo."

Ko tambaya ɗaya ba ta yi min ba. Ta ce: "Ta uku."

Na ce ta ci, na fara neman sauya magana. Ta ce a'a, dokar wasa ce, wanda aka kama sai ya faɗi gaskiyar. Na ce: "Kaɗaici." Ta ce, da irin muryarki sak, har da yadda kike jan ƙarshen magana: "Cikakkiyar jimla, don Allah."

Aku, shekara tara duk wanda ya kira ni ina ce masa lafiya lau. Na ce mata: "Ba ni da kowa a nan. In na dawo daga aiki ba wanda yake ce min sannu. Ina cin abinci a tsaye a gaban tukunya don kada in zauna a tebur ni kaɗai." Da Hausa da ban iya ba. Da yaren masu murar na faɗa, kuma a lokacin murar ta gaske ce, hanci da ido duka.

Sannan ta koma Hausa ta ce: "A tsaye? Haka na koya miki?" Ta yi min faɗa sosai a kan cin abinci a tsaye, ta ce za ta ba shukoki ruwa, ta kashe wayar.

Ban san me za ta yi ranar ba. Ba ta ce za ta amsa ba, ba ta ce ba za ta amsa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ki yaga takardata mai amsa arba'in. Ke za ki raka ta, kada Kawu ya je. Kuma kada ki ɗauka mun shirya: har yanzu ban ga dalilin da zai sa ƙato mai gemu ya jefi uwata ba.

Yayarki

*

Talata, da yamma

Yaya,

Muna lafiya. Na san tun safe wayarki tana hannunki, saboda haka ba zan ja ba.

Mun isa da wuri. Benci ne dogo a baranda, mutane sun jeru kowa da takardarsa yana motsa leɓe. Gwaggo ba ta riƙe komai ba sai jakarta. Da aka kira lambarta ta buɗe jakar ta nuna min: ƙwallona ne a ciki. Ashe ita ta ɗauke, kwana uku ina zargin mai gyaran firji.

Ana yin minti goma a ciki. Ta yi ashirin da biyar. Ƙofar katako ce marar kauri, kuma ba zan ɓoye miki ba, na matsa kusa. Na ji jami'in ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sana'arta, ta ba shi tarihin yadi, har ta gaya masa rigar da ke jikinsa ba za ta jure wanki uku ba. Na dafe kai na ce shi ke nan. Sai na ji yana dariya.

Sannan ya zo kan ta goma sha bakwai. Ya ce me ya sa take son tafiya. Na ƙirga a raina kamar a aji, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai na ji ta ce: "'Yata tana kula da mutum goma sha ɗaya. Ita ba wanda yake kula da ita. Tana cin abinci a tsaye. Zan je in zaunar da ita."

Ta ci, Yaya. Takardar tana jakarta, kusa da ƙwallon.

Ga saƙonninta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Gadon mai ɗaga kai ke za ki koma kansa, tunda ke ce mai ciwon baya. Kujerar bakin taga ki matsar, wurin shukoki ne. Ki nemo mata inda kasuwa take da lambar motar da ke zuwa can, ita za ta riƙa cefane, kuma ba ta son rakiya. In ta ga kin fara yi mata irin muryar da kike yi wa tsofaffinki, ta san hanyar filin jirgi, kuma yanzu ta iya sayen tikiti. Sannan ki bincika da kyau ko maƙwabta suna da mage.

Ranar Alhamis za ta zo aji na ƙarshe. Direba ya ce shi zai jefa mata ƙwallon, da hannu ɗaya. Kujerarta ta kusa da ƙofa ban san wa zan ba ba. Tun da mamata ta rasu ba wanda yake duba fuskata da safe ya ce ban karya ba, sai ita.

Tunda kin iya wasan yanzu, ga nawa ukun, ki zaɓa. Gwaggo ta ci jarrabawa. Har yanzu ina jin haushinki. Ba zan yi kewarta ba.

Ƙanwarki, Aku